Taimin bel na Honda Baby Boy: in canza da kaina a gida ko in kai gareji?

Baban Khairat, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar mota a taimaka min da shawara. Ina da Honda Accord 2001 wadda ake ce ma Baby Boy, mai silinda huɗu, injin 2.3, na saye ta hannun wani abokin aikina shekara biyu da suka wuce, shi ma a hannu ya saya, to daga ni har shi babu wanda zai iya cewa ga ranar da aka canza mata taimin bel. Mita tana nuna mil 187,000 amma kun san yadda ake juya mitar motoci kafin su iso hannunmu.

Abin da ya tada min hankali shi ne ƙarshen watan nan zan ɗauki iyali zuwa Sakkwato bikin ƙanwar matata, tafiya ce mai nisa ga zafi ga yara a mota. Na je wajen bakaniken da nake kai wa, ya ce min bel kawai za a saya a saka, awa biyu an gama, da na ce masa watafam fa, wato famfon da ke zagaya ruwa a cikin inji, sai ya ce tunda ba ya yoyo a bar shi. Ni kuma raina bai kwanta ba domin bara wani ya taɓa karɓar kuɗin kaya sabo a hannuna ya saka min tsoho, sai daga baya na gane, tun lokacin nake ɗari-ɗari.

Ina ɗan taɓa aiki da kaina, ni nake juye baƙin mai, ni nake canza filogi da birki fad da fanbel, ina da jak da sifanu daidai gwargwado. Na kalli bidiyo kusan biyar a YouTube ina ganin kamar zan iya. Shi ne nake tambaya, in sayo kayan in yi a ƙofar gida ranar Asabar, ko kuwa aikin ya fi ƙarfin irina? Kuma me da me ya kamata a canza tare? Na gode.

Oga Mai Honda, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa ka yi tambaya kafin ka ɗora sifana, domin wannan motar taka ba irin wadda ake koyon taimin a kanta ba ce, bari in faɗa maka dalili.

Aikin bel ɗin nan shi ne haɗa kirankshaf da ke ƙasa da kamshaf da ke sama, na ƙasa ya juya sau biyu na sama ya juya sau ɗaya, ta haka bawul ke buɗewa ya rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. To a injin Honda irin naka wurin da bawul ke saukowa nan ne fistin ke hawowa, lokaci ne kawai ya raba su. Bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora da yawa, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi, kuma bawul 16 gare ka. Daga nan magana ta tashi daga canjin bel ta koma sauke tof silinda.

Littafin motar ya ce a canza a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Amma akwai wani layi da mutane ba sa karantawa, sun ce in ana yawan tuƙa ta a wurin da zafi ke haura digiri 43 to a canza a mil 60,000. Kai da za ka Sakkwato ka san yadda Afrilu da Mayu suke a can. Mota ta haura shekara ashirin kuma babu wanda ya san tarihinta, ni a wajena lokaci ya yi, ba sai an tsaya duba ba. Bel ba ya kuka kafin ya tsinke, na sha ciro wanda bayansa sumul amma haƙoran sun fara ɓantarewa daga gindi.

Yanzu abin da bidiyo ba ya nuna maka da kyau. Na farko notin fulin kirankshaf, lamba 19 ne amma wallahi yana daga cikin noti mafi taurin kai a duk motocin da muke taɓawa, ana ɗaure shi da ƙarfin Nm 245 sannan ya shekara da shekaru yana shan zafi. Akwai ƙarfe na musamman mai kusurwa shida da ke shiga cikin fulin ya riƙe shi, sai doguwar sanda da faif a kai, wani lokacin mutum biyu. Kuma dan Allah kar wani ya ce maka ka tokare sifana da ƙasa ka yi kik, wannan dabarar a Toyota take ci domin injinta dama yake juyawa, injin wannan Hondar hagu yake juyawa, in ka yi haka ƙara ɗaure notin za ka yi.

Na biyu, bel biyu ne a ciki ba ɗaya ba. Akwai babba na taimin, akwai ƙarami na balansa wanda ke juya wasu sanduna biyu da ke kashe girgizar inji. Shi ma da nasa saitin, sandar gaba tana da alama, ta baya kuma sai ka cire wani noti a bayan bulok ka zura ƙusa mai kaurin mm 6 da tsawon mm 100 ka kulle ta, in ka gama ka tuna ka zare. In saitin nan ya kuskure mota za ta tashi lafiya amma za ta dinga karkarwa har sitiyari. Kuma in ƙaramin ya tsufa ya tsinke yana iya faɗawa ƙarƙashin babban ya jawo masifar da ake gudu, shi ya sa ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Na uku sai ka cire tayar gaba ta ɓangaren direba, ka tallafe inji da jak da katako a ƙasa, ka kwance injin sit na wannan gefen, ka ɗaga murfin bawul domin murfin bel na sama ba ya fita sai an ɗaga shi. Duk wannan a ƙofar gida kan ƙasa, mota a kan jak ɗaya, kai kaɗai, ban ba ka shawara ba.

Maganar watafam kuwa bakanikenka bai kyauta ba. Bel ɗin taimin ne ke juya shi, yana can ciki, in ya fara yoyo bayan wata uku duk wannan kwance-kwancen za a sake ka sake biyan kuɗin aiki, in kuma boris ɗinsa ya cije to ya tafi da sabon bel ɗin. Abin da nake sa mutane su saya: bel biyu, tenshina biyu (su ke riƙe bel ya tsaya a miƙe), watafam, oyel sil na kam da na kiran da na balansa, gaskit na murfin bawul, da kulan, wato ruwan sanyaya inji.

Auwal_Kd:

Ikon Allah. To ni Corolla 2005 gare ni shekara shida ban taɓa canza wannan abin ba kuma babu wanda ya taɓa ce min in canza, kenan ina cikin haɗari ban sani ba??

Oga Mai Honda, Kano:

A'a ƙanena kwantar da hankalinka, taka sarƙa ce ba bel ba, injin 1.8 na wannan Corollar da cen yake aiki, yana cikin baƙin mai, ba shi da ranar canji sai in ya fara ƙara. Kai dai ka riƙa juye mai a kan lokaci. Haka Camry 2.4 daga 2002, haka Accord EOD, wadda ta biyo bayan Baby Boy, mai silinda huɗu, duk sarƙa ce. Amma EOD mai V6 bel ce, Civic 2001 zuwa 2005 bel ce, Sienna tsohuwa mai 3.0 da mai 3.3 bel ce. Kowa ya duba injinsa, sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa.

Direban Gusau:

Malam Baban Khairat ni ganau ne ba jiyau ba, saurari abin da ya same ni. Fijo 406 wagon nake ja lokacin, irin haɗin Kaduna, ina lodin Kaduna zuwa Gusau. Na canza bel, sabo fil, amma bel kaɗai domin ranar kuɗin hannuna ba su kai ba kuma mai gyaran ya juya tenshina da hannu ya ce min ai wannan zai ƙara shekara. Ko wata huɗu ba a yi ba, mun wuce Funtuwa mun kusa Tsafe wajen ƙarfe biyar na yamma da fasinja cike, mota ta mutu kamar an kashe makulli, babu ƙara babu hayaƙi babu komai. Na gangara gefe na yi kik sai na ji injin yana juyawa da sauri fiu-fiu babu nauyi, ni kuma ban san ma'anar wannan ba na yi ta yi har batir ya kusa sauka. Kun san wannan hanyar ba wajen tsayuwa ba ce in rana ta yi sanyi, ga mata ga yara, haka na yi ta tsayar da motoci ina roƙo ana ɗebe min fasinja biyu-biyu ina mayar musu da kuɗinsu, Allah ya taimaka wani mai tifa ya ja ni zuwa gari.

Da aka buɗe ashe boris ɗin tenshinan ne ya watse, bel ya saki ya zame, bel ɗin kansa ko tsagewa bai yi ba. Bawul sun lanƙwashe, ƙarshe sai Panteka na je na sayo tof na Beljiyam, kuɗin da na kashe ya ninka na tenshinan nan ban san sau nawa ba, ga sati biyu mota a ajiye ba aiki, ga balas ɗin mai mota yana jirana.

Don haka ko a gida ko a gareji ni ba nan damuwata take ba, kar ka bari a mayar da tsohon abu ko ɗaya cikin abin da bel ke bi ta kansa. Kuma in mota ta mutu tana cikin tafiya ka ji kik ya yi sauƙi, cire hannunka daga makulli.

Injiniya Sabon Gari:

Ni zan ɗan saɓa wa Oga kaɗan, da girmamawa. Na canza nawa a gida har sau biyu kuma ni ba bakanike ba ne, aikin lantarki nake yi. Abin ba tsafi ba ne, alamomi ne, in ka saita su kafin ka cire tsoho ka tabbatar suna nan bayan ka saka sabo shi kenan. Dabarar da na yi ita ce na sa farin fenti na yi alama a kan tsohon bel da kan fuli sama da ƙasa, na cire, na jera shi da sabon na ƙirga haƙora ɗaya bayan ɗaya na kwafe alamun, da na ɗora komai ya zauna inda yake. Sannan na cire filogi duka na juya injin da hannu zagaye biyu cikakku na sake duba alama kafin in taɓa makulli. In ka ji ya tokare yayin juyawa kar ka matsa, koma baya ka duba.

Kuma a gida babu mai gaggauta ka, ba kamar gareji ba inda oga zai kwance ya bar wa yaro ya haɗa shi ya tafi kan wata motar. Na ga inda aka sa sukundireba aka ɓanɓaro bel aka tura shi kan fuli da ƙarfi, alhali zaren da ke cikinsa ba ya son a karya shi ko a lanƙwasa shi sosai, tun ranar an rage masa kwana.

Amma gaskiya ɗaya ce, tawa Camry ce 2.2 ta 1999, kuma injin nan ko bel ya tsinke fistin ba ya kaiwa ga bawul, iyaka mota ta tsaya ka saka wani. Karo na farko ma na kuskure haƙori ɗaya, mota ta tashi amma ba ƙarfi tana shan mai, na sake kwancewa washegari na gyara, ban yi asarar komai ba sai lokaci. Bel ɗaya ne kuma, babu na balansa. To in ka ce za ka yi taka, ka samu ƙarfen riƙe fuli, ka samu sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka samu abin tokare mota ban da jak, ka ware kwana biyu ba wuni ɗaya ba, kuma kada ya zama saura sati ɗaya tafiya.

Maman Sadiq, Abuja:

Ni ban san kan inji ba amma na san yadda nake yi kada a cuce ni, Sienna nake ja shekara tara. Ba na ba wa mai gyara kuɗin kaya, tare muke zuwa shago a Apo ko in aika ƙanena da lambar shasi, a buɗe kwali a gabanmu. Da aka zo yi min na taimin cewa na yi a ba ni saiti guda na Aisin, ko bel na Gates ko Mitsuboshi, kuma na ce wa mai shagon ya rubuta min rasit da sunan kayan. Jabu ya yi yawa, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya, in ka ji farashi ya faɗi ƙasa sosai to ka san akwai magana, araha ba ta ado. Kuma bel ba a sayen na Beljiyam ko da ya yi kyau a ido, roba ce, ba ka san shekarunta ba.

In an gama sai na ce a zuba min tsofaffin kayan a leda in tafi da su, ko ba zan yi komai da su ba. Sannan a rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin da fenti, ni ma in rubuta a littafin da ke cikin mota. Da masu motar farko sun yi haka da yanzu ba ka cikin wannan zullumin Malam.

Baban Khairat, Zariya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Direban Gusau labarinka ya shige ni domin hanyar nan dai ita zan bi. Oga maganar ƙarfen riƙe fuli da bel na biyu ta sa na ajiye batun yi ni kaɗai, ba ni da ƙarfen kuma sai yau na san akwai wata ƙusa da ake zurawa ta baya. Abin da na yanke shi ne in sayo kaya da kaina kamar yadda Hajiya ta ce, in kai wa wani mai Honda da aka yi min kwatance, in zauna a wajen daga farko har ƙarshe. To Oga in ina tsaye me zan sa wa ido?

Oga Mai Honda, Kano:

Madalla. Ka je da sassafe inji da sanyi, ka faɗa masa tun farko kana so ka gani domin ka koya, mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan. Kafin ya cire tsoho ya nuna maka rubutun UP a fulin kam yana kallon sama, da farar alamar fulin ƙasa ta yi daidai da tsinin da ke jikin murfi. Akwai ɗan ƙaramin ki da ke riƙe fulin kiran, a ajiye shi wuri mai kyau, yana faɗawa ƙasa ya ɓace. Ka duba ko akwai baƙin mai a cikin wajen, in akwai a canza sil a wanke tas a bar shi ya bushe, mai yana cin bel. Wajen ɗaure tenshina ba a danna shi da ƙarfe, ana sassauta notin a juya injin hagu kamar haƙora uku na fulin kam, sifirin ya ja da kansa, sannan a ɗaure. In aka matse da yawa za ka ji yana kuka wiii in an ba da wuta. A juya da hannu a sake duba alama a gabanka. Murfin roba na sama da na ƙasa duk a mayar, yara suna son jefar da su wai ba su da amfani, alhali su ke tare ƙura da tsakuwa. Kuma a zuba kulan, ruwan rijiya shi ke cinye watafam da tsatsa.

Baban Khairat, Zariya:

Salam, na dawo da bayani. Jiya aka yi aikin, daga ƙarfe takwas har bayan la'asar. Notin nan Oga sai da mutum biyu suka hau faif kafin ya saki, da a gida ne a nan zan tsaya. Babban bel ɗin ya tsattsage ta ciki wajen gindin haƙora, sil na kam yana zubar da mai ya jiƙa shi, watafam da aka ce min lafiyarsa ƙalau ana juya shi da hannu yana ƙara yana wasa. Abin da ya fi ba ni mamaki, bel ɗin balansa babu shi sam, wani can baya ya cire bai mayar ba, ashe shi ya sa motar ke girgiza ni ina ta zargin injin sit. Yanzu an saka, an saita sandunan biyu, na ga ƙusar da idona kuma na ga an zare ta, motar ta yi shiru kamar ba ita ba. Na karɓo tsofaffin kayan, an rubuta mil 187,412 a jikin murfi. Injiniya na ɗauki hoton kowane mataki, in Allah ya kai mu na gaba ina ganin da ni za a yi. Saura kwana tara tafiyar.

Oga Mai Honda, Kano:

Alhamdu lillahi. Kwana ukun nan kullum da safe kafin ka tada ta ka buɗe lagireto ka duba ruwa, in an canza watafam iska kan maƙale a ciki sai ruwan ya sauka daga baya, ka cika. Ka leƙa ƙasan ɓangaren direba ko akwai ɗigon mai ko na kulan. Sannan ka ɗan taka ta zuwa Kaduna ko Funtuwa ka dawo, idonka a kan allurar zafi, kafin ka ɗora iyali. Allah ya kai ku lafiya ya sa a yi biki lafiya.